Ƙudan Aibi Da Gidajensa Na Cikin Ƙasa

Gabatarwa

Kalmar zuma a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu, watau ƙwaron kansa da kuma abin zaƙin da yake tarawa. Saboda haka da zarar an ambaci ƙudan zuma, abin da ke faɗo wa mai sauraro a rai shi ne amya, da saƙa, da kaki, da kuma harbi. Amma masana sun ƙididdige ire-iren ƙudan zuma kimanin 20,000 a duniya, mafi yawansu kuwa ba sa tara zuma, ba su da sarauniya, ba su da ma'aikata. A Birtaniya kaɗai akwai iri wajen 270, ɗaya tak daga cikinsu ne yake ba da zumar sha. Wannan lacca za ta ɗauki ɗaya daga cikin sauran, wanda ake samu a ƙasashen Turai, ta bayyana yadda ake gane shi, da yadda ake lura da shi a inda yake haƙa gidajensa. Dalilin zaɓensa kuwa shi ne, rashin saninsa yakan sa a hallaka shi ba gaira ba dalili.

Asalinsa Da Sunansa

Aibi wani tsiro ne mai yaɗo, mai ganye kore shar rani da damina, wanda yake hawan bango da itatuwa a Turai. Masana suna kiransa Hedera helix. Ba ya fure sai ya manyanta, kuma furen nasa, mai launin kore da rawaya, yana buɗewa ne daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da kusan duk sauran furanni sun bushe. A kan wannan fure ne ƙudan da ake magana yake ciyar da 'ya'yansa, shi ya sa aka laƙaba masa sunan tsiron, aka ce Colletes hederae. Kalmar farko daga Girkanci take, ma'anarta mai liƙe abu.

Abin mamaki shi ne, ba a san shi a matsayin iri mai zaman kansa ba sai a 1993, lokacin da wasu masana biyu na Jamus, Konrad Schmidt da Paul Westrich, suka bayyana shi. Kafin nan an sha kama shi, amma sai a ɗauka ɗaya ne daga cikin 'yan'uwansa biyu masu kama da shi ƙwarai. An fara ganinsa a Ingila a 2001, a gundumar Dorset da ke bakin tekun kudu. Daga nan ya bazu cikin kudancin Ingila da Wales, ya yi ta nausawa arewa, har a 2021 aka gan shi a Ailan.

Shaidun Gane Shi

Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ce. Don haka mai neman tabbaci ba ya dogara da shaida ɗaya, sai ya haɗa uku: siffa, da lokaci, da fure.

Ta wajen siffa, macen ta kusa kai ma'aikaciyar zumar amya girma, tsawonta kamar milimita 13, namijin kuwa bai kai haka ba. Gadon bayansu yana lulluɓe da gashi mai kauri, ja-ja kamar jar ƙasa. Cikinsu baƙi ne, da ɗamaru masu faɗi na gashi ruwan ɗorawa, a jere tsaf. Idan ƙwaron ya kwana biyu, launin yakan koɗe ya yi fari-fari. Macen tana ɗaukar garin fure a gashin ƙafafunta na baya, har su yi rawaya gaba ɗaya, alhali zumar amya takan cure shi ne ya zama ɗan dunƙule. Namiji ba ya ɗaukar komai, ya fi siranta, kuma gashin-bakinsa na sansano ya fi tsawo. Rina ma takan zo furen aibi, amma jikinta sumul yake, ba gashi sosai. Akwai kuma wasu ƙudaje masu kwaikwayon launin zuma. Su fukafukansu biyu ne maimakon huɗu, idanunsu manya.

Ta wajen lokaci, shi ne na ƙarshen fitowa a shekara cikin ƙudan zuma masu zaman kaɗaici na Birtaniya. Maza suke fara bayyana, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, mata su biyo baya, kuma kafin tsakiyar Nuwamba duk sun mutu.

Ta wajen fure kuwa, a nan ne ake raba shi da 'yan'uwan nan nasa biyu. Ɗaya, Colletes succinctus, yana bin furen wani ƙaramin tsiro na tuddai masu yashi. Ɗayan, Colletes halophilus, yana zaune a fadamun gishiri na bakin teku. Wanda aka gani a kan aibi cikin Oktoba, da ɗamaru masu faɗi, da wuya ya zama wani ba ƙudan aibi ba.

Abin Da Ake Gani A Gidajensa

Macen tana son ƙasa mai laushi da yashi-yashi, mai ƙarancin ciyawa, musamman gangaren da ya fuskanci kudu, domin a Turai ta kudu rana take bi. Ana samun gidajen a gefen hanya, da gaɓar teku, da filayen makarantu, da ciyawar ƙofar gida. Bakin ramin bai wuce kaurin fensir ba, da 'yar tsibin ƙasa a gefensa. A wuri ɗaya akan sami ramuka dubbai, wani lokaci dubun dubata.

Wannan taro shi ne yake ruɗin mutane. Wanda ya fito da hantsi ya ga ƙudaje dubbai suna shawagi dab da ƙasa, sai ya zaci amya ce ta fashe. Alhali kuwa maza ne suke jiran fitowar mata, namiji kuma ba shi da ƙari, ba ya harbi sam. Da zarar wata ta leƙo, sai su yi mata caa, su cure a kanta kamar ƙwallo, har su yi ta gangarawa, ɗaya daga cikinsu ya sadu da ita. Macen tana da ƙari, amma mai rauni ne, kuma ba ta amfani da shi sai an matse ta. Babu mai gadin ƙofa, domin babu rumbun zumar da za a tsare. Zamansu zaman maƙwabta ne, kowace mace da nata rami, ba ta yi wa kowa aiki.

A can cikin ramin takan fafe 'yan ɗakuna, ta shafe bangon kowanne da wani ruwa da ke fita daga jikinta, tana lailaya shi da gajeren harshenta mai baki biyu. Idan ya bushe sai ya zama kamar leda, ya hana danshi shiga. Wannan ne asalin sunan mai liƙe abu. Sai ta zuba kunun garin fure da ruwan fure, ta manna ƙwai ɗaya a jikin bango, ta rufe. Tsutsar takan ci wannan guzuri, ta yi hunturu a ƙarƙashin ƙasa, ba za ta fito ba sai kaka mai zuwa. Uwa ba ta ganin 'ya'yanta.

A Faransa da maƙwabtanta yana da wani maƙiyi mai wayo, ƙwaro daga dangin hangara, mai suna Stenoria analis. Tsutsotsinsa sukan taru su cure, su yaudari namijin ƙudan ya sauka a kansu, su maƙale masa. Daga jikinsa su koma jikin mace, ita kuma ta kai su ɗakinta da kanta, su cinye guzurin 'ya'yanta.

Ladubban Lura

Mai son nazari ya zaɓi rana mai ɗumi wadda ba iska. Ya tsaya a gefe, kada ya taka ramuka, domin macen da ta dawo da kaya tana gane ƙofarta ne da alamun da ke kewaye da ita. Ya auna murabba'in mita ɗaya ya ƙirga ramukan ciki, ya rubuta kwanan wata, da wurin, da irin ƙasar, da inda gangaren ya fuskanta, ya kuma ɗauki hoto. Irin wannan bayani ne ƙungiyar BWARS ta Birtaniya ta tattara daga hannun jama'a, malamai da ɗalibai da masu lambu, har aka zana taswirar yaɗuwar ƙudan shekara bayan shekara.

Kammalawa

Hayaniyar da ake gani a bakin ramukan ba ta wuce 'yan makonni. Amma wanda ya tsorata ya zuba magani, ko ya kafce wurin, ya hallaka zuriyar shekara guda da ke kwance a ƙasa. Haka nan wanda ya sare aibi kafin ya yi fure ya yanke abincin wannan ƙuda da na sauran ƙwarin da ke dogara da shi a ƙarshen kaka. Maganin duka biyun kuwa shi ne a tsaya a duba siffa, da lokaci, da fure, kafin a yanke hukunci.