FastAPI da maganar sifili: lambar da ta fi ƙarfin masu surutu

Duk lokacin da FastAPI ta fitar da sabon zubi, sai tambayar nan ta sake tasowa a tsakanin masu rubuta manhaja: yaushe za a kai 1.0? A 'yan kwanakin nan ma na ji maganar a bakin wasu samari masu koyon sana'ar. Ɗaya ya ce shi kam ba zai ɗora aikin kamfani a kan abin da lambarsa ta fara da sifili ba, tunda ko masu shi ba su ce ya nuna ba. Wani kuma ya ce da zarar an buga 1.0 shi ke nan, an gama, kowa ya kwanta ya yi barci. Dukansu biyun sun yi wa lambar gurguwar fahimta.

API dai dillali ne tsakanin manhaja da manhaja: wannan ta miƙa buƙata, ya kai, ya dawo da amsa bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa. In ka tsaya gaban mai POS yana jiran banki ya amsa, irin wannan dillancin ne ke gudana. FastAPI kuwa kayan aikin gina shi ne da harshen Python. Wani ɗan ƙasar Kolombiya, Sebastián Ramírez, ya fitar da ita a Disamban 2018, kyauta, kowa na iya buɗe cikinta ya gani ya gyara. Microsoft da Uber da Netflix duk sun yi aiki da ita.

Gyare-gyaren da aka yi mata ba na wasa ba ne. A Yulin 2023, zubi na 0.100 ya karɓi sabon Pydantic, wato sashen da ke tantance bayanan da suka shigo, wanda aka sake rubuta cikinsa da harshen Rust don ya ƙara sauri. A 2024 aka ƙara mata umarnin da ke tayar da aiki da layi ɗaya. Sifilin kuma? A tsarin lambobin da Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta, sifili a gaba na nufin mai manhaja bai ɗaure kansa ba tukuna, yana iya canja yadda ake amfani da ita a zubi na gaba. Buga 1.0 alkawari ne cewa ba za a karya wa mutane aiki ba sai an sanar. Alkawari ne, ba shaidar inganci ba. Shi ya sa takardun FastAPI da kansu ke ba da shawarar ka ɗaure aikinka a kan zubin da ka gwada, kada ka bar shi yana sabunta kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu wannan musu ba sa tambayar waye zai cika alkawarin. FastAPI a kan Starlette take zaune, shi kuma Starlette wani Baturen Ingila, Tom Christie, ya fara shi, shi ne kuma ya yi Uvicorn da Django REST framework. A 2014 sai da Christie ya fita neman gudunmawar jama'a ta Kickstarter kafin ya samu sukunin zama ya kammala zubi na 3 na Django REST framework. Mutum ne da dubban kamfanoni ke cin gajiyar guminsa, amma sai da ya miƙa ƙoƙon bara.

Kuma tarihi ya nuna inda ɓarna ke shigowa. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin babban kaso na shafukan intanet. Zubin da ya lalace 1.0.1 ne, ya wuce sifili ke nan. Da aka bincika sai aka tarar gudunmawar da aikin ke samu ba ta wuce kusan dala 2,000 a shekara ba. A Disamban 2021 aka gano wata ɓarakar a manhajar Log4j, wadda ke zubi na 2, 'yan sa-kai suka kwana suna toshe ɓaraka yayin da manyan kamfanoni ke aiko musu da saƙon a yi sauri.

Na xz ne ya fi ɗaure kai. Wata ƙaramar manhajar matse fayil ce da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗauke da ita shi kaɗai har ya gaji. Sai ga wani mai kiran kansa Jia Tan ya shigo da fuskar taimako. Ya yi kusan shekara biyu yana gyare-gyare na gaskiya har aka amince masa, sannan ya cusa ƙofar baya a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. A Maris ɗin 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura shiga wata na'ura ta SSH na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Rabin daƙiƙa! Ya ƙi kawar da kai, ya bi diddigi, asiri ya tonu kafin abin ya bazu. Lambar 5.6 ba ta hana komai ba. Gajiyar mutum ɗaya ce ta buɗe ƙofar.

Kamfanoni kuwa ko sanin abin da suke ci ba su yi ba. A 2020 Ramírez ya ga tallar aiki da ke neman mai gogewar shekara huɗu a FastAPI, ya ce shi ma ba zai iya nema ba, don shekara ɗaya da rabi ke nan da ya ƙirƙiro ta.

To mu fa? Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin buɗaɗɗen banki a 2023, wanda gaba ɗayansa a kan API zai tsaya. Bankunanmu da kamfanonin hada-hadar kuɗi, kamar takwarorinsu na ko'ina, a kan irin waɗannan manhajoji na kyauta suke gini. Nawa suka mayar? Jamus ta kafa asusun gwamnati a 2022, Sovereign Tech Fund, don biyan masu kula da manhajojin da kowa ya dogara da su. Me ya hana hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ware ko da ɗan wani abu, ta biya matasanmu su riƙa gyara kurakurai da rubuta takardun bayani a waɗannan ayyuka? Sassan koyar da kwamfuta na jami'o'in Kano da Zariya su ma suna iya karɓar gyara ɗaya da aka amince da shi a FastAPI ko Starlette a matsayin aikin kammala digiri, maimakon kundin da ɗalibi zai ɗaure da baƙin bango a jibge a sito.