Saƙar Zuci da Ƙirƙira a Matsayin Mafaka: Misali daga Birnin Njamena

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami mutumin da bai taɓa zama jikinsa na nan, hankalinsa na can ba. Ɗalibi a aji, ko mai tireda da tsakar rana, ko matar da ke tsintar shinkafa, kowannensu yakan yi nisa cikin tunani har sai an taɓa shi ya yi firgigit. Wannan takarda za ta dubi wannan hali da dangantakarsa da ƙirƙira, wato samar da sabon abu na fasaha. Za a ɗauko misali daga Njamena, babban birnin ƙasar Cadi, inda Hausawa fatake da maniyyata aikin Hajji suka daɗe suna yada zango.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Akwai kalmomi uku da ya kamata ɗalibi ya rarrabe. Ta farko ita ce saƙar zuci. Tushenta aikin masaƙi ne: kamar yadda yake harhaɗa zare ya zama tufa, haka zuciya take ƙulla wannan tunani da wancan. Shi ya sa ake cewa wane ya kwana yana saƙa da warwara. Ta biyu ita ce mafarkin ido biyu. Da yake "ido biyu" na nufin kasancewa a farke, ma'anarta ita ce mutum ya riƙa hango abin da yake buri tamkar ya riga ya samu. Ta uku ita ce zulumi, wato tunanin da ke tattare da fargaba. Saƙar zuci takan yi daɗi, takan kuma yi ɗaci, amma shi zulumi kullum ɗaci gare shi.

3.0 Ra'ayoyin Masana

A 1908 Sigmund Freud ya wallafa maƙala inda ya kwatanta marubuci da yaro mai wasa. A ganinsa, idan mutum ya girma ya bar wasa, sai mafarkin ido biyu ya maye gurbinsa, kuma burin da bai cika ba shi ne makamashinsa. Bambancin marubuci da sauran jama'a shi ne, yakan gyara nasa mafarkin har wasu su ji daɗinsa.

A 2010 kuma, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard suka bi diddigin mutum 2,250 ta wayar hannu. Sun gano cewa a kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan da aka tuntuɓe su, hankalinsu ba ya kan abin da suke yi, kuma a irin wannan lokaci farin cikinsu yakan ragu. Sai dai a 2012 Benjamin Baird da abokan aikinsa a Jami'ar California ta Santa Barbara suka nuna ɗaya fuskar. Waɗanda aka ba su hutu da ɗan aiki mai sauƙi, wanda ke barin hankali ya yi yawo, sun fi saura kawo sababbin dabaru da suka koma kan tambayar da aka fara yi musu. Ke nan yawon hankali na iya zama magani, yana kuma iya zama cuta.

4.0 Misali daga Njamena

Faransawa ne suka kafa birnin a 1900 da sunan Fort-Lamy. A 1973 aka sauya masa suna zuwa Njamena, wanda ake fassarawa da "wurin hutu" a Larabcin Cadi. Amma hutun ya sha katsewa. An gwabza yaƙi a cikin birnin a 1979 da 1980, sannan a Fabrairun 2008 'yan tawaye suka shiga, dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Kusiri ta Kamaru. Gidajen silima, inda talaka kan je ya manta da damuwarsa na awa biyu, su ma suka durƙushe.

Mahamat-Saleh Haroun, wanda aka haifa a Abeche a 1961, yana cikin waɗanda yaƙi ya raunata ya kuma kora daga ƙasar. Ya bi ta Kamaru ya isa Faransa, inda ya koyi aikin fim da na jarida. Fim ɗinsa Bye Bye Africa (1999) ya nuna yadda gidajen silimar Njamena suka zama kufai.

A Abouna (2002), wato "Ubanmu", ya kawo labarin Tahir da ƙanensa Amine, waɗanda suka wayi gari mahaifinsu ya tafi ba sallama. Bayan sun gaji da nema, sai suka shiga silima, suka ga kamar shi ne a kan allo. Tsananin bege ya sa suka sace naɗin fim ɗin don su nemi hotonsa a ciki. Aka kama su, mahaifiyarsu ta tura su makarantar allo nesa da gida, kuma daga bisani ciwon fuka ya yi ajalin Amine. Mafarkin ya sanyaya musu rai na ɗan lokaci, amma bai dawo da uba ba.

Shi kuwa Haroun, da irin wannan rashin ya gina sana'a. A 2010 fim ɗinsa Un homme qui crie ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes, kuma a 2011 aka sake buɗe silimar Normandie a Njamena bayan shekaru tana rufe.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa saƙar zuci ba laifi ba ce, domin ita ce inuwar da hankali ke fakewa idan rana ta yi zafi. Haɗarinta shi ne mutum ya ɗauki inuwar a matsayin gida, kamar yadda yaran Abouna suka ɗauki hoton allo a matsayin mahaifinsu. Abin da ke raba ta da zulumi shi ne a fito da ita fili, ta zama tatsuniya ko waƙa ko zane ko fim da wani zai amfana da shi. Zaren da ya tsaya a zuci warwarewa yake yi, sai wanda ya hau masaƙa ne ke zama riga.