Kwandon Dankali: Cimar Manoman Ailan a Zamanin Da

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau za mu leƙa tsibirin Ailan da ke yamma da Ingila, mu ga abin da talakan ƙauye yake ci kimanin shekara 200 da suka wuce.

Safe, rana da dare, cimar guda ce: dankalin turawa. Ƙaƙƙarfan manomi yakan tashi da kusan kilo 6 a yini. Uwargida ta ɗora baƙar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku a kan wutar busasshiyar ƙasar fadama, wadda suke yankowa su shanya maimakon itace. Idan dankalin ya nuna, ta tsiyaye ruwan, ta juye cikin faffaɗan kwando. Manya da yara su kewaye shi kamar yadda muke kewaye akushin tuwo. Kowa ya ɓare ɓawo da farce, ya dangwali gishiri, ya kora da tsala. Baƙo kuwa in ya tarar ana ci, sai a matsa masa ya zauna.

Nama sai ranar biki. Aladen da suke kiwo sayar da shi suke yi su biya mai ƙasa kuɗin haya, man shanu kuma ya tafi kasuwar birnin Kok. Ran Juma'a, da yake yawancinsu 'yan Katolika ne, ko akwai naman ba sa taɓawa, sai kifi mai gishiri ga mai hali. Watan Yuli da Agusta, tsohon dankali ya ƙare, sabo bai nuna ba, sai a lallaɓa da kunun hatsi.

Dankali da nono sun rayar da mutane cikin ƙoshin lafiya, har yawansu ya haura miliyan 8 a 1841. To amma gonar talaka ƙarama ce, kuma ta haya, ba abin da zai ciyar da iyali a cikinta sai dankali. Da cuta ta faɗa masa a 1845, kimanin mutum miliyan 1 yunwa da annoba suka kashe, wasu kamar haka suka yi ƙaura, akasari zuwa Amurka.

Masu sauraro, manomin da ba shi da iko da gonarsa ba shi da zaɓin abin da zai shuka, kuma ranar da cimarsa guda ta gaza, ba shi da madafa. Allah ya kare mu daga yunwa. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)