Dalilin da ya sa talakan Arewa ya yi ta bin Buhari

A zaɓen 2011, marigayi Muhammadu Buhari ya tsaya takarar shugaban ƙasa a CPC, sabuwar jam'iyyar da ba ta da gwamna ko ɗaya, amma ya samu ƙuri'u sama da miliyan 12, ya kuma lashe jihohi 12, duk a Arewa. Abin da ya jawo masa wannan jama'a shi ne yarda da halinsa. Talakan da ya daɗe yana ganin kuɗin gwamnati na salwanta, kotu da majalisa sun kasa tsawatawa, sai ya nemi mutum guda da zai damƙa wa amana. Ana tuna yaƙi da rashin ɗa'a na mulkinsa na soja a 1984, da hanyoyi da magungunan da hukumar PTF ta samar lokacin da yake shugabantarta a zamanin Abacha. Daga nan laƙabin Mai Gaskiya ya samo asali. Shi ya sa matasa suka riƙa tsayawa a rumfar zaɓe bayan sun jefa ƙuri'a, suna cewa a kasa, a tsare, a raka.

Wasu na cewa addini da ƙabila ne kawai. Ba a musun tasirinsu, musamman a karawarsa da Goodluck Jonathan. Sai dai a 2019 abokin hamayyarsa Atiku Abubakar ne, Musulmi Bafulatani daga Adamawa, kuma Buhari ya ba shi tazarar ƙuri'u fiye da miliyan ɗaya a Kano kaɗai. Masu cewa farin jinin jam'iyya ne su ma sai su duba 2023: da sunansa ya bar takardar zaɓe, Kano ta bi Kwankwaso, Katsina mahaifar Buhari kuwa Atiku ya ci da ƙyar, alhali APC, jam'iyyar Buhari, ke mulki.

Irin wannan yarda tana da tsada. Wanda ya zaɓi mutum don halinsa bai cika tambayarsa wa zai naɗa minista ba, ko yadda zai bi da farashin abinci. Da 'yan bindiga suka addabi Zamfara da Katsina a zamanin shugabancin Buhari, buhun shinkafa ya gagari mai albashi, magoya baya da yawa sun ɗora laifin a kan na kusa da shi. Gaskiyar ɗan takara dalili ce mai ƙarfi ta zaɓensa, amma tunda da mutane zai yi mulki, wajibi ne mai ƙuri'a ya san su kafin ya dangwala.