Ƙwaya da dukan mata: wanne ke jawo wanne?

Idan miji ya lakaɗa wa matarsa duka a buge, abin da dangi kan fara cewa shi ne, "Ki yi haƙuri, ba ya cikin hayyacinsa." Da haka laifi ya koma kan ƙwaya, mai shan ta ya fita fes. Sai dai mutumin nan bai mari ubangidansa a kasuwa ba, bai taɓa ɗan sanda a hanya ba, sai da ya shigo gida. Maye na kawar da kunya da tsoro, amma ba shi ke zaɓar wadda za a daka ba.

Wannan bai wanke ƙwaya ba. Binciken ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi (UNODC) da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramol da kodin suke sha. A wannan shekarar binciken lafiya na NDHS ya nuna kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun ɗanɗana cin zarafi daga miji, duka ko tilastawa ko wulaƙanci. Sau tari rigimar daga kuɗin cefane take tashi: abin da za a ɗora tukunya da shi ya tafi wurin dila, ta yi magana, ya ɗaga hannu.

Ɓangaren da ba a cika faɗa ba shi ne matar da dukan ya tura shaye-shaye. Ta yi yaji an maido ta, barci ya ƙaurace mata, wata ƙawa ta miƙo kwalbar maganin tari a gidan biki. Gwamnati ta haramta sarrafawa da shigo da mai kodin a 2018, bayan wani rahoton BBC, amma haramcin bai taɓa abin da ya hana ta barci ba. Daga nan shan ya zama makami a hannun mijin: wa zai saurari ƙarar "'yar ƙwaya", a gaban iyaye ko a gaban alƙali?

Dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 ta haramta dukan abokin aure, amma sai an kai ƙara take aiki. Wajen magani ma haka: cikin kowane masu shaye-shaye huɗu ɗaya mace ce, amma a cibiyoyin jinya da ƙyar ake samun mace ɗaya cikin ashirin.