Kare da yanayin shekara: yadda zai ci gaba da gudu zafi bai kayar da shi ba

Idan ka taɓa bin 'yan farauta cikin dajin Gagarawa ko Sule Tankarkar a watan Afrilu, wataƙila ka ga irin wannan. Karen da ya fi kowane ƙwazo da safe, kafin azahar ya koma baya, harshe a waje, ƙafafun baya suna tangaɗi. Can sai ya kwanta a gindin aduwa, shi ke nan bai ƙara tashi ba. A ce maciji ne, ko a ce baki ne ya kama shi. To amma sau da yawa zafi ne ya dafa shi daga ciki, kuma matsalar ta faro ne tun damina, lokacin da ya yi wata huɗu a ɗaure ba ya komai.

A ƙasar Gumel kare ma'aikaci ne: yana farauta, yana gadin gida da gona, yana raka garke. Aikin nan kuwa ba ya yiwuwa sai da motsa jiki a kai a kai. Sai dai kowane yanayi da irin motsin da ya dace da shi, kuma dalilin yana cikin halittar karen.

Kare ba ya gumi irin namu

Kai idan ka yi gudu, gumi ke fita a duk jikinka, iska ta busar da shi, ka ji sanyi. Kare kuwa ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafarsa yake, bai taka kara ya karya ba. Da haki yake sanyaya jikinsa. A kwance yana numfashi sau 10 zuwa 30 a minti ɗaya, amma idan haki ya kankama yakan kai sau 300. A shekarar 1970 masanin halittu Knut Schmidt-Nielsen da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa kare mai haki yakan shaƙi iska ta hanci ya fitar ta baki. Iskar tana busar da danshin hanci da na harshe, ta tafi da zafin jini.

Ka san yadda randa ke sanyaya ruwa? Ruwa na tsatsowa ta jikinta, iska ta busar, na ciki ya yi sanyi. Haka hancin kare yake aiki. Idan iska busasshiya ce, aikin na tafiya amma yana cin ruwa sosai. Idan kuma iskar ta cika da laima, kamar a watan Agusta, randar ma ba ta sanyi kirki, haki ma haka.

Zafin jikin kare mai lafiya digiri 38 ne zuwa 39 a ma'aunin Selshiyas. Da ya haura 41, ƙoda da hanji da ƙwaƙwalwa sun fara lalacewa. Ka ga tazarar ba ta da yawa. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2020, wanda ya duba bayanan karnuka fiye da 900,000, ya gano cewa kashi 74 cikin 100 na waɗanda zafi ya buge, motsa jiki ne sanadi. Wannan fa a ƙasar da digiri 30 ake kira tsananin zafi, ina ga Maigatari da ke wuce 40 a bazara?

Damina: kada a jingine shi

A nan ake yin kuskuren farko. Hankali ya koma kan gero da riɗi, farauta ta tsaya, kare ya koma turke. Cikin 'yan makonni tsoka ta saki, zuciya ta rage juriya, tafin ƙafa ya yi laushi. Wani ma ya yi ƙiba, ita kuwa ƙiba bargo ce. Karen da ya gaji da zama shi ne mai haushin dare, mai tona gindin katanga, mai kai wa yara cizo.

Maganin ba shi da wuya. Tafi da shi gona da sassafe a igiya, ka dawo da shi kafin hantsi. Tafiyar minti 30 zuwa awa ɗaya kullum ta isa ta riƙe masa jiki. Ranar da aka tashi da ruwa, ɓoye masa ɗan abinci a wurare uku ko huɗu a tsakar gida, ya nema da hanci. Shinshina ma aiki ne, yana gajiyar da kare. Ka kiyayi ranakun da iska ta tsaya cak bayan ruwa, kai kanka gumi ya ƙi bushe maka, domin a irinsu haki ba ya yi masa amfani sosai. Damina kuma lokacin kaska ce. Duk dawowa ka duba kunnuwa, wuya da tsakanin yatsu, saboda kaska na ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke fasa jini, kare ya rame ya kasa gudu.

Kaka: fara horo sannu a hankali

Daga Oktoba, ƙara masa nisa kaɗan kaɗan, mako bayan mako, ka riƙa haɗa tafiya da gajeren gudu. Ba shi kamar mako shida kafin ka kai shi farautar yini. Zafin Oktoba ba wasa ba ne, don haka a tsaya ga safiya. Ƙarangiya da tsidau sun nuna a lokacin, idan ka ga yana ɗingishi ko lasar ƙafa, duba ka cire. Kwikwiyon da bai shekara ba kuwa, ƙashinsa bai gama ƙwari ba, wasa ya ishe shi.

Hunturu: lokacin aiki

Daga Disamba zuwa Fabrairu ne jikin kare ya fi jure dogon gudu. Tarkon da ke nan shi ne ƙishirwa, domin iskar hunturu na kwashe ruwan jikinsa ba ka lura ba. Kare mai kilo 15 yana bukatar kusan lita ɗaya a rana, wato ledar fiya wata biyu, ranar aiki kuma ya ninka. Riƙa ba shi kaɗan kaɗan a hanya. Kada ka cika masa ciki da tuwo sannan ka fita da shi a guje, bari awa biyu ta wuce. Ranar da hazo ya yi kauri, rage nisan. Da dare kuma a shimfiɗa masa buhu a inda iska ba ta bugawa, musamman tsoho.

Bazara: asuba ko bayan magariba

Daga Maris zuwa Mayu, agogo ne ke ceton kare. A fita bayan sallar asuba, a dawo kafin ƙarfe 9. Da rana tsaka rairayin jigawa na iya wuce digiri 60. Cire takalmi ka taka, idan ba za ka iya tsayawa ba, shi ma ba zai iya ba. Kada ka ja shi a guje a bayan babur, kada ka ɗaure masa baki, ai kamar ka toshe masa hanyar shan iska ne. Kuma kada ka jira ya tsaya da kansa. Kare mai zuciya zai bi zomo har ya faɗi.

Karenmu na gida, siriri mai gajeren gashi, ya fi jure wannan yanayi. Manyan karnukan Turai da ake saye don gadi, masu gashi da nauyi ko masu gajeren hanci, su zafi ya fi saurin kayarwa.

Idan zafi ya buge shi

Alamomin su ne haki ba ƙaƙƙautawa, dalala mai kauri, dasashi ya yi jawur, tangaɗi, amai ko zawo. Kai shi inuwa nan take, ka kwarara masa ruwa mai sanyi a duk jiki, ka yi masa fifita. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, zafin zai riƙe. Idan yana iya sha, ya sha da kansa, ban da ɗura. Kada ka ba shi farasitamol, wannan ba zazzaɓi ba ne, maganin zai iya ƙara wa hantarsa wahala. Sanyaya tukuna, sannan ka nemi likitan dabbobi ko da ka ga ya warware, domin illar ƙoda takan ɓulla bayan kwana ɗaya ko biyu.

Wani zai ce, to a sake shi mana ya yi yawonsa. Karen da ke yawo shi kaɗai shi ke haɗuwa da mahaukacin kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare ne. Fita da shi da kanka, ka kuma yi masa allurar rigakafi tun yana wata 3, a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana sarrafa wannan allura, ka tambaya a asibitin dabbobi mafi kusa da kai. Idan ka tsara allurar ta faɗo a ƙarshen damina, kafin a fara haɗa karnuka don farauta, ba za ka manta ba.