Wayar Hannu Ta Shiga Lissafin Allurar Masu Ciwon Sukari

BAUCHI — Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Ikko ko Badun, wanda ya baro tsoho mai ciwon sukari a gida, ya san zancen allurar insulin. Tun 1922 da aka fara yi wa mutum ita a Toronto ta ƙasar Kanada take ceton rayuka, amma fa sai da awo. In ta yi kaɗan, sukari ya hau ya riƙa cin ido da ƙoda a hankali. In kuwa ta yi yawa, sukari ya faɗi, mutum ya kama makyarkyata da gumi, har ya suma.

A Bauchi, mai ciwon yakan rubuta awon jininsa a littafi, ya kai wa likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ranar da aka sa masa. Kafin ranar ta zagayo kuwa, shi kaɗai ne da sirinjinsa.

Wannan giɓi ne masana suka nemi cikewa da manhaja, watau tsarin lissafi da ake sa wa wayar hannu. Likita ne zai fara tsara mata iyaka. Mai ciwo ya auna jinin yatsa da safe kafin ya karya, ya rubuta lambar, ita kuma ta duba awon kwanakin baya ta ce a ƙara allura, ko a rage, ko a bar ta yadda take. Akwai kuma ɗan faifan FreeStyle Libre da ya fito a Turai a 2014, wanda ake manna wa dantse ya yi ta awo har kwana 14, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

To, amma waya ba ta san gaibu ba, abin da aka ba ta shi take lissafawa. Ma'aunin sukari iri biyu ne, ɗaya ya ninka ɗaya sau 18: jinin da wata na'ura za ta ce 7, wata 126 za ta ce. In na'urar da aka aiko daga Kudu da manhajar suka saɓa, lissafi ya ɓaci. Bugu da ƙari, wayar ba ta san tsoho ya ɗauki azumi ba, ba ta kuma san zafin bazara ya rage wa maganin ƙarfi ba sa'ad da aka ɗauke wuta.

Saboda haka mai niyyar aiko wa mahaifinsa waya da na'urar awo, ya haɗa da kuɗin tsinken gwaji na kowane wata, domin in babu awo, babu abin da za a lissafa. Kafin kuma a canza allura ko da ɗigo ɗaya, a kai kayan gaban likita ya daidaita su tukuna.